Zuwa ga Mamana, kan rubutun jikin ledar dambunki

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum.

Mamana, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙaninki ya kawo dambun da kika aiko, haɗe da samfurin rubutun da kike son a buga a jikin ledar. Dambu kam ya yi. Mahaifiyarki ta ci, ta ƙara, sai da aka rantse mata sannan ta yarda waken soya ne. Wannan gwanintar taki ce ta sa na zauna rubutu, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Kin sa "Dambun Nama" da manyan haruffa, "na waken soya" kuma can ƙasa, ƙanana har sai da na ɗauko tabarau. Ki cire kalmar nama gaba ɗaya. Ki rubuta "Dambun Waken Soya", haruffan duka girma ɗaya. Ba ni da ja a kan dambu, tunda akwai na tsaki, akwai na kifi, ba mahauta ne suka mallaki sunan ba. Amma matar da za ta tsaya a kanti a Unguwar Rimi ko Barnawa, yaro a goye, wani a hannu, ba za ta karanta ƙananan haruffa ba. Abin da idonta ya fara gani shi ta saya. Kin san hadisin tarin hatsin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin bai yi ƙarya da baki ba, jiƙaƙƙen kawai ya tura inda ba a gani, amma aka kira abin algus.

Na san abin da za ki ce: ai a Turai ma haka suke yi. To, a Turan ma rigima ake. A 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke wa wani kamfanin Jamus mai suna TofuTown hukunci cewa abin da aka yi da tsiro ba za a sayar da shi da sunan madara ko man shanu ko cuku ba. A 2020 majalisarsu ta ƙi yarda a yi wa sunayen nama irin wannan hani. Faransa ta yi gaban kanta ta hana, kotun ta taka mata birki a 2024. Afirka ta Kudu ta tashi kwashe irin waɗannan kaya daga kantuna a 2022, sai da wata babbar kotu a Johannesburg ta dakatar. Ni a ganina rabin faɗan nan na kasuwa ne, makiyaya da masu kamfanin nama na tsare cinikinsu, masu waken soya na son cin albarkacin sunan da ba su suka gina ba. Su suna da lauyoyi da kuɗin shekara da shekaru a kotu. Ke jarinki adashi ne da kuɗin sarƙarki.

Kuma ki duba, awara ba ta taɓa cewa ita nama ce ba, ga ta nan a kowane lungu daga Kawo har Kakuri, yamma ba ta yi sai tire ya ƙare. Akwai masu neman kayanki don dai ba nama ba ne: dattijon da likita ya ce ya rage jan nama, da maƙwabtanmu 'yan Katolika da ke ƙaurace wa nama ranar Juma'a a lokacin azuminsu, da mai gidan da kuɗin kilo ya gagare shi. In kin ɓoye waken soyan, su kika kora. Jihar nan kuma tana cikin masu noma shi da yawa, ba abin kunya ba ne.

Sai hukuma. NAFDAC na da ƙa'idar rubutun jikin abincin da aka ƙulle, wadda aka sabunta a 2022, kuma tun a makaranta kin karanta ta fiye da ni: sunan da ya bayyana ainihin abincin, jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyi, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da lambar rajista. Kada ki buga leda dubu kafin su amince da rubutun. Kada kuma wani ya ce zai ara miki lamba. Ki bayyana waken soya da man gyaɗa a fili, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsu, wani har numfashi yake sarƙe masa. In kuma akwai romon nama ko kitse a ciki, kamar yadda harshena ya raya mini, to ki rubuta, ko ki daina sawa.

Ƙaninki ya ce kina ta zancen naman da ake rainonsa a ɗakin gwaje-gwaje, wai nan gaba shi za ki shiga. Wannan wani abu ne daban, kada ki haɗa su a kanki, balle a bakinki gaban masu saye. Naki tsiro ne. Wancan ƙwayoyin halittar dabba ne ake ɗiba, a zuba a tanki, a ciyar da su har su yawaita su zama tsoka. Wani malamin jami'ar Maastricht a Holan, Mark Post, shi ya fara nuna shi a Landan a 2013, kuma ɗan curin da aka soya ranar ya ci sama da dala 300,000. Singafo ce ta fara ba da izinin sayarwa a Disambar 2020. Amurka ta bi a Yunin 2023 da kamfanoni biyu, Upside Foods da Good Meat, da sharaɗin rubutun jikin ya nuna kaza ce da aka raina daga ƙwayoyin halitta. Italiya ta haramta shi a Nuwambar 2023, jihohin Florida da Alabama ma suka haramta a 2024.

Shekarun da na yi ina duba nama a mayanka, tambayar da na fi sha ita ce wa ya yanka. A nan tambayar ta ƙara tsawo. Wace dabba ce? Da ranta aka ɗebi ƙwayoyin ko bayan yanka? Hadisi ya ce abin da aka yanko daga dabba tana da rai mushe ne. Da me aka ciyar da su a tankin? Da farko ruwan jinin ɗan tayin saniya ake amfani da shi, ko da yake kamfanoni na ta neman madadinsa. A 2024 kwamitin fatawa na Singafo ya ce zai iya zama halal, amma da sharuɗɗa kan asalin dabbar da duk abin da aka haɗa. Kin ga ke nan ranar da ya iso kantunan Kaduna, ido da hanci ba za su gaya wa kowa komai ba, rubutun jikin kwali ne kaɗai shaida. Ni dai ban hana ki karatu a kansa ba. In lokacin ya zo ki nemi malamai da masana na cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, ga su nan kusa da ku, kafin ki sa kwabonki.

Abu na ƙarshe, hoton kan bijimi da mai zanen ya ɗora a kusurwa ma ya tafi. Ki sa hoton wake, ko ki bar wurin fili. Ki shawarci maigidanki, ki gyara, ki aiko mini in sake gani kafin a kai wurin masu bugawa. Mahaifiyarki ta ce a ƙara mata leda biyu, a rage yaji. A shafa mini kan yara.

Babanki