Sanarwa: buɗe sabon asibitin unguwa

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa.

Alhamdu lillahi, ginin nan na bayan firamare da muka daɗe muna zuba wa ido ya kammala. Ranar Asabar da hantsi za a buɗe shi, mai unguwa da liman za su halarta. Don Allah a fito, maza da mata.

Duk wanda ya taɓa goya mai naƙuda a bayan babur cikin dare, ruwan damina na dukansu, ya san darajar wannan asibiti. Ni na kai ƙanwata haka zuwa cikin gari, har yau kukanta a hanya bai bar kunnena ba.

Yanzu ga ɗakin haihuwa da ungozoma kusa da mu, ga awon ciki, ga gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini daga yatsa. Rigakafin yara kyauta ne: na ranar haihuwa, sai sati 6, 10 da 14, sannan na ƙyanda a wata 9. Iyaye mata, kada a manta katin yaro.

Ruwa ne bai zo ba tukuna. Matasa masu kura, a taimaka da jarkoki kafin Asabar.