Mamana, abin da kunnenki bai ji ba kada hannunki ya rubuta

Assalamu alaikum Mamana, ya aiki ya kwanan zaune. Ummanki ta ban labarin hirar da kuka yi, wai likitocin Amurkan nan da kike mayar da maganarsu rubutu wasu haɗiye kalma suke yi, wani yana magana yana tauna, wani a cikin mota, ke kuma kina jin nauyin barin gurbi a takarda kar a ce sabuwa ce bata iya ba, ga shi da yawan layi ake biyanku. Maganar ta tsaya min a rai shi yasa na zauna na rubuto miki.

Ki bar gurbin. In kin mayar da muryar baya, kin rage mata gudu, kin sake saurara har yanzu kalmar bata fito ba, ki bar wurin fili ki saka alama da daidai mintin da take, a mayar wa likitan ko mai duba aikinku. Gurbi kowa na ganinsa, dole a tsaya a tambaya. Amma kalmar da kika cinka ta zauna daram a layi babu mai zarginta, nas zata karanta, famasi zai karanta, likitan da zai ga mara lafiyar bayan shekara biyu shima da ita zai yi aiki, kuma da yawansu sa hannu kawai suke yi basu bi takardar layi layi ba.

Ni da na ƙare aikina a ɗakin magani na san yadda sunayen nan suke kama da juna. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine kuma na taɓin hankali, wanda mutanenmu suka fi sani da Largactil, toh ki ba wanda bashi da suga na farkon ki gani, sugansa zai faɗi ƙasa warwas kuma maganin yana daɗewa a jiki, mutum na iya suma a kasa gane dalili. Hydralazine na hawan jini ne, shi muke miƙa wa ɗakin haihuwa in jinin mai ciki ya hau sosai, hydroxyzine kuwa na ƙaiƙayi ne da saka barci. Ga carbimazole na maƙoƙo da carbamazepine na farfaɗiya. Abin ya kai a 1990 sai da aka canza wa Losec na olsa suna a Amurka ya koma Prilosec saboda ana rikita shi da Lasix mai saka fitsari. Kinga in masu farar riga da takarda a gabansu suna ruɗewa, ke da kunne kawai kike aiki ba abin kunya bane ki ce ban ji ba.

Amma kafin ki kai ga barin gurbi akwai aikin da zaki yi, kuma anan ake gane gwani. Kalma bata zuwa ita kaɗai, ki duba me ke damun mara lafiyar, wane sashe ne, nawa aka ce a sha. In matar ta zo da borin jini tana susa, hydroxyzine ya fi kusa. In likita yace hyperkalemia, wato sinadarin potassium ya yi yawa a jini, ko hypokalemia, wato ya yi ƙasa, baki tantance ba, ki gangara wurin sakamakon gwaji, potassium na mai lafiya yana tsakanin 3.5 zuwa 5.0 ne, in kinga 2.8 kin san ƙasa yayi. Levothyroxine na maƙoƙo da microgram ake auna shi, ranar da kika ji kamar ance milligram 100 ki tsaya cak, don tsakaninsu ninki 1000 ne. Sai dai ki kula, wannan duk don ki gane abin da ya faɗa ne. In kin ji shi sarai kuma abin da ya faɗa bai yi daidai da sauran takardar ba, misali a sama yace ƙafar hagu a ƙasa yace dama, ba ke zaki zaɓar masa ba, ki rubuta yadda ya faɗa ki saka alama ya warware da kansa.

Lambobi sun fi bani tsoro akan sunaye wallahi. 15 da 50 a bakin Ba'amurke mai sauri kusan abu ɗaya ne, haka 8 da 80. A 2008 a jihar Alabama an sallami wata mata mai ciwon suga daga asibiti, likita ya ɗauki bayanin sallamar a murya aka tura Indiya aka rubuta, insulin ɗin da ya kamata ya zama 8 ya fito 80, inda aka kai ta jinya suka bi takarda suka yi mata, ta rasu. A 2012 kotu ta yanke diyyar dala miliyan 140. Wanda ya buga sifirin nan yana can wata ƙasa bai taɓa ganin fuskarta ba, kamar dai yadda kike zaune a ɗakinki yanzu. Saboda irin wannan kuskuren ne tun 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocinsu ta hana rubuta U a madadin unit, ma'aunin da ake auna insulin da shi, don yana komawa kamar sifiri, ta hana 5.0 don in ɗigon ya ɓace ya zama 50, kuma rabi sai dai 0.5, ba a barin ɗigo tsirara a gaba. Ki haddace wannan jerin, bashi da tsawo.

Batun harrufa kuma, kin taso da rubutun Ingila a makaranta, anaemia da oedema, su kuwa anemia da edema suke rubutawa, paracetamol ɗinmu acetaminophen ne a wurinsu, salbutamol na masu asma albuterol. Ki bi tsarin wanda kike wa aiki. Google zai nuna miki kalma ko da kuskure aka rubuta ta tunda wani ya taɓa yin kuskuren, dan haka ki tabbatar a ƙamus ɗin likitanci irin Dorland's ko Stedman's, magani kuma a littafin magunguna na ƙasarsu. Ileum na hanji da ilium na ƙashin ƙugu duk daidai suke a wurin kwamfuta, ba zata ja miki jan layi ba. Ki samu ɗan littafi kina rubuta kalmomin da kowane likita ya saba da yadda yake furta su, bayan ɗan lokaci kunnenki zai saba da kowa.

Ummanki tace wani lokaci manhaja ce ke fara rubutawa ke kuma ki gyara. Toh ita bata san ta ce ban ji ba, komai ta ji sai ta samo masa kalma mai kyan gani, kuma in idonki ya riga karantawa kunnenki sai ya yarda. Wurin magani da lamba da hagu da dama ki ɗauke ido daga allon ki saurara tukuna.

Sai amana. Na san ku da guruf na WhatsApp, dan Allah kar ki taɓa yanko muryar likita ki tura wa ƙawaye wai su taya ki ji, ko ki kunna a falo ƙannenki na zaune. Sirrin mara lafiya ne, suna da doka mai tsanani akai da suke kira HIPAA, aiki na iya tafiya a rana ɗaya, ko babu doka ma ke ba zaki so a ji naki ba. Tambaya ta bi ta hanyar da ofis ya tanada.

In albashin watan farko ya ragu saboda kina tsayawa bincike, ki faɗa min in cika miki kuɗin data, saurin zai zo da kansa. Ki sayi abin kunne mai kyau wanda ke rufe kunne duka, kar ki dinga ƙure ƙara, kuma in bacci ya fara fizgarki ki tashi ki wanke fuska kafin ki taɓa takarda ta gaba. Ummanki da su Abba suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare hannunki.

Babanki