Wa aka zalunta a shari'ar jirgin Flying Fish?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a filin tarihin shari'a na makon jiya ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya bar shi yana ta zuba, ko tari bai yi masa ba. Wai an zalunci Kyaftin George Little na sojan ruwan Amurka, wanda ya kama jirgin ruwan Flying Fish, domin umarni ya bi! Haba jama'a, masu jirgin fa, su ba mutane ba ne?

Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1799, lokacin da suke zaman doya da manja da Faransa, cewa ta yi a kama jirgin Amurka da ya nufi tashar Faransawa. Gwamnatin Shugaba John Adams ce ta yi ƙari a takardar da ta aika wa sojan ruwa, ta ce har da wanda ya baro can. Flying Fish kuwa barowa ya yi daga Jeremie, tashar Faransawa a wancan lokaci, a Haiti ta yau, da tutar Denmak, za shi tsibirin St. Thomas. Little ya tare shi ya kai shi Boston. A 1804 Kotun Ƙoli, ta bakin Alƙalin Alƙalai John Marshall, ta ce umarnin shugaba ba ya halatta abin da doka ba ta halatta ba, don haka Little ya biya diyyar dala 8,504. Abin da baƙonku ya ƙi faɗa shi ne majalisa ta ɗauke wa Little wannan nauyi a 1807. To ina zaluncin?

Ni albasa nake kaiwa kudu. Bara aka tare mini mota a wani shinge, takarduna cif-cif, aka ce a sauka gefe. Na tambayi laifina, jami'in ko ɗago kai bai yi ba, yana latsa waya ya ce, "Alhaji, oda ce daga sama." Wace saman? Ba takarda, ba sashen doka. Mota ta yi ta shan rana har buhunan ƙasa suka fara tsiyayar ruwa, wari ya kori yaron mota daga inuwar da yake kwanciya. Da aka sake ta, rabin kayan juji muka kai. Manoman da suka ba ni bashi har yau ina biyansu kaɗan-kaɗan. Shi kuwa mutumin yana nan a shingen, in na zo wucewa har hannu yake ɗaga mini.

Da ya san daga aljihunsa za a biya ni, wallahi sai ya nemi ganin dokar kafin ya ja mini katako. Ku nemo lauyan da zai faɗa wa mutane wannan, ba mai tausayin kyaftin ba.

Sannan don Allah wa ya ba ku shawarar mayar da shirin daidai lokacin sallar Isha'i? Kafin mu fito masallaci an ci rabi, sauran rabin kuma tallan maganin basir ne. Ku maido shi ƙarfe tara.

Mai sauraronku,
daga Sakkwato