Ɗalibin katun ya ɗauki murya kafin ya taɓa zane

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a shafinka na wasiƙu domin jan hankalin ɗaliban da ke koyon zanen katun da haɗa sauti, musamman masu aikin kammala karatu. Yawancin gajerun finafinan da suke fitarwa ciwonsu ɗaya: sai an gama zane kaf sannan a nemi mai ɗora murya. Shi ya sa za ka ga baki yana motsi alhali magana ta wuce, ko ƙafa ta taka ƙasa amma ƙarar takun na biye a baya. A wannan sana'a murya ake fara ɗauka, a auna tsawonta, sannan a zana a kanta.

Ma'aunin aikin shi ne firam, wato hoto ɗaya daga jerin hotunan da ke wucewa a sakan guda. Silima na amfani da 24, talabijin ɗinmu kuma 25. Ɗalibi ya zaɓi ɗaya tun ranar farko, kada ya sauya. In ya zana a kan 24 aka kunna a kan 25, hoton minti ɗaya zai ƙare a sakan 57.6, murya ta zame da fiye da sakan biyu. Ba dole ba ne kuma a zana kowane firam. An saba barin zane ɗaya ya tsaya firam biyu, zane 12 ke nan a sakan, 720 a minti. Wanda ya ce zai yi fim na minti biyar shi kaɗai ya san zane 3,600 ke jiransa. Sakan talatin masu kyau sun fi masa.

Darasin farko shi ne ƙwallo mai tsalle, kuma shi ɗalibai suka fi rainawa. A sama, inda ƙwallon ke rage gudu, zanukan su matsu kusa da juna. Yana gangarowa tazararsu na ƙaruwa. In ya bugi ƙasa ya ɗan baje na firam ɗaya ko biyu, amma abin da ya rasa a tsayi ya samu a faɗi, in ba haka ba zai zama kamar yana ƙanƙancewa. Tazarar nan ce ke nuna nauyi, ba kyan zane ba. Masu amfani da Blender, manhajar yin katun a kwamfuta, su lura: in ka sa wa manhajar farkon motsi da ƙarshensa, ita za ta cike tsakani da laushi iri ɗaya, sai mutum ya riƙa shawagi ba nauyi. A fara tsayar da manyan tsayuwar jiki ba tare da cikon ba, a tabbata suna ba da ma'ana, sannan a gyara saurin motsin da ke tsakaninsu da hannu.

Sai tafiya. Taku ɗaya na mutum mai matsakaicin sauri firam 12 ne, da tsayuwa huɗu: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya sauka da nauyi, ƙafar baya ta wuce ta gaba, jiki ya ɗaga. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙafar da ke ƙasa ta riƙa zamewa, domin nisan da jiki ke ci bai yi daidai da faɗin takun ba. A ja layi a ƙasa, a sa alama inda diddige ya sauka, kada ya gusa sai ya ɗaga.

Littattafan koyon wannan aiki da mutum mai wando da 'yar shara suke misali, ƙafa a fili. Namu yana sanye da babbar riga ko zane da mayafi. Rigar ba ta tsayawa lokacin da mai ita ya tsaya, sai ta wuce shi da 'yan firam sannan ta dawo ta kwanta. Tunda ƙafar a rufe take, hawa da saukar kai da kafaɗa ne za su nuna takun, don haka a zana ƙafafun a ɓoye tukuna, sannan a sa tufa a kai. Yadda dattijo ke naɗe hannun riga a kafaɗa kafin ya yi magana, ko yadda yarinya ke durƙusawa gaisuwa, babu darasin intanet da zai koya maka. Ka ɗauki bidiyon wani yana yi da waya, ka bi shi firam bayan firam. Moustapha Alassane na Nijar tun a shekarun 1960 yake yin katun da ɗan abin da ke hannunsa, ballantana yau da manhajojin zane Krita da OpenToonz da ta gyaran sauti Audacity duk kyauta ne.

Wajen ɗaukar murya, ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Ɗakin siminti wanda babu kaya a ciki amsa-kuwwa yake yi, ita kuwa da wuya ta gogu daga baya. A nemi ɗaki mai labule da darduma, a jingina katifa a bango, a kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya mutu. Makirufo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don kada iskar numfashi ta buge shi. A saita 48,000 a ma'aunin ɗaukar sauti, shi ne na bidiyo, kuma ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin -12 da -6 a mitar da ke nuna ƙarfin sauti. In ta wuce sifili ta fashe, gyaranta da wuya. Kafin a tashi a ɗauki shirun ɗakin na sakan talatin. Da shi ake cike giɓin da ke tsakanin jimloli, da shi kuma Audacity ke gane hayaniyar da za ta rage. A rage kaɗan, domin in aka matsa murya za ta koma kamar daga cikin ruwa. Kada a yarda ɗan wasa ya aiko da muryarsa ta saƙon murya na WhatsApp, matse ta ake yi. Ya ɗauka a WAV, wato tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ya turo fayil ɗin.

Daidaita baki da magana yana da nasa tarko ga mai Hausa. Ba kowane harafi ake zana wa baki ba, wasula ake bi da wuraren da leɓe ke haɗuwa, wato m da b da ɓ, kuma rufewar ta tsaya aƙalla firam biyu ido ya gan ta. Jadawalin bakin da ake samu a intanet na Turanci ne, yana nuna haƙori a kan leɓen ƙasa wajen f. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta f, saboda haka wancan zanen baƙo ne a bakinsa. Dogon wasali kuma ya fi gajere daɗewa a buɗe, sai an saurara an ƙirga, rubutu ba ya nunawa. Baki ya riga sauti da firam ɗaya ko biyu, kada ya biyo bayansa.

Ƙarar taku da ta tufa a ɗauke su daban: yashi a faranti da silifa a hannu, ƙyallen shadda mai sitati kusa da makirufo, a ɗora kowane taku a firam ɗin da diddige ya sauka. Kiɗa ya koma ƙasa sosai in ana magana, musamman kalangu, wanda ke hawa da sauka irin na karin harshe har ya yi gogayya da mai magana. Kafin a miƙa aiki a saurare shi a lasifikar ƙaramar waya, domin a nan yawancin masu kallo za su ji shi, kuma sautin da ya yi kauri sosai ba ya fita a cikinta.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai koyar da zanen katun da haɗa sauti, Kaduna