Baƙonku Ya Zo Mu Je Maigatari da Kwat

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Har yau raina a ɓace yake da maganar baƙon nan naku na shirin rediyo na daren Laraba, wai ma'aikacin da ba ya sa kwat da nektai bai san darajar aikinsa ba. Daga jin muryarsa ka san a cikin sanyin ofis yake wuni.

Ni ma'aikacin wani ƙaramin banki ne, aikina bin kasuwanni ina karɓar ajiyar 'yan kasuwa. Alhamis ina Maigatari, Lahadi ina Gujungu, duk a kan babur. Dokar wurin aikinmu kuwa sai baƙar kwat da takalmi sau-ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin in isa kara rigar ciki ta manne mini a baya. Wuyana duk ƙurajen zafi ne, daidai inda nektai yake shaƙewa. Gumi yakan ɗiga a kan littafin rasit har tawada ta watse, in sake rubutawa, mai kuɗi yana tsaye yana jira. In azahar ta yi, sai na nemi inda zan rataye kwat, in zare safa, sannan in yi alwala. Kwat ɗin ma ta gwanjo ce, yadin leda, da albashina na saya. Ranar da na cire ta na ɗora a kan babur, wani ya kai ƙarata, aka yanke mini kuɗi a ƙarshen wata.

Darajar da yake magana a kai ma ina take? Wani dattijo mai sayar da awaki ya ɗauki makonni yana kauce mini. Sai wata Juma'a, ranar da aka yarda mu sa kayan gida, na bi ta ƙauyensu da kaftani da hula. Ya kalle ni ya ce, "Au, ɗana, ashe kai ne? Ai na zaci mai karɓar haraji ne." A ranar ya buɗe asusu, ya kuma kira ƙanensa. Wallahi ajiyar da nake tarawa ran Juma'a ta fi ta kowace rana, kuma ina komawa gida da sauran ƙarfina.

Ban ce a zo aiki da ƙazanta ba. Kaftani wankakke, gogagge, da katin shaida a wuya, me ya rage? Amma mai gabatarwa ya bar shi yana ta zuba, ko sau ɗaya bai tambaye shi ba ko ya taɓa yin awa guda a rana tsaka da wannan shigar. Na buga waya ya fi sau goma, ba a ɗauka ba.

Sannan don Allah ku duba tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa bayan magariba. Muna zaune tsakar gida da iyaye da yara, sai dai in yi wuf in kashe rediyo.

Naku mai saurare,
daga wani ƙauye kusa da Gumel, Jihar Jigawa.