Rahoton Kwamiti Kan Gyaran Tsohon Cocin Ƙauyenmu

An sauke katakan hawa na magina, ƙararrawa ta koma hasumiyarta, don haka kwamiti ke gabatar wa jama'a yadda aikin ya gudana.

Cocin namu, kamar da yawa daga cikin na kudancin Burgundi a Faransa, ginin ƙarni na 12 ne, daga zamanin da gidan ibadar Kuluni, wanda aka kafa a 910, ke da faɗa a ji a yankin. Bangonsa kauri ne da shi, tagoginsa 'yan tsurut, rufin ciki kuma bakan gizo ne na dutse. Nauyin bakan yana tura bango waje, shi ya sa magabata ba su yarda da manyan tagogi ba. Dokar 1905, wadda ta raba coci da gwamnati a Faransa, ta bar irin waɗannan tsofaffin coci a hannun ƙaramar hukuma, saboda haka ita ce mai gini. Namu tara gudummawa ne ta hannun Fondation du patrimoine, gidauniyar da ke tallafa wa gyaran tsofaffin gine-gine, da kuma sa ido a kan aikin.

Da farko rufi muka zarga da lalacewar bangon. Da aka ɓamɓare yaɓen bangon arewa, ashe siminti ne ummul'aba'isin ɓarnar. Wasu masu gyara a baya, da kyakkyawar niyya dai, sun lafta shi a kan dutsen. Siminti ba ya barin bango ya sha iska. Danshi ya maƙale a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutse ya dinga ɓarewa. Ɗaya daga cikinmu ya sa yatsa a tsakanin duwatsu, ƙasar ta zubo kamar garin tuwo. Da guduma da ƙaramin kurfi aka cire simintin, a hankali, aka maye gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Nan lokaci ya tafi, domin farar ƙasa ba ta kamawa idan ruwa na ƙanƙara, dole magina suka jira bazara.

Rufin faifan dutse ne, mai nauyin da kan haura kilo 400 a murabba'in mita guda. An sauke shi, an ware masu rai, an sake jerawa. Masu wannan sana'a sun yi ƙaranci ƙwarai, sai da muka bi layi.

Jemagun hasumiya ma sun ja mana jinkiri, tunda doka ta kare su. An bar musu kafar shiga.

Ƙofar yamma ba ta cikin wannan zagaye. Kwamiti na roƙon a riƙa share indararo duk kaka, da zarar ganye ya gama zuba.