Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Kwamitin Zaɓe na Ƙungiyar Ƙwararrun Hulɗa da Jama'a

Mai girma Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da sauran 'yan kwamitinka, na rubuto wannan wasiƙa ne a kan jerin 'yan takarar majalisar gudanarwa da kuka fitar, haɗe da taƙaitaccen tarihin kowannensu. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda ta shafi duk mamban da zai kaɗa ƙuri'a, kuma saboda ina ganin har yanzu da sauran lokacin gyara kafin ranar zaɓe.

Na karanta takardun 'yan takarar, kuma babu wadda ba ta tsaru ba. Kowa ya lissafa shekarun da ya yi yana aiki, da lambobin yabon da ya karɓa, da tarukan da ya gabatar da maƙala a cikinsu, sannan ya yi alƙawarin ɗaga martabar sana'a da jawo matasa cikinta. Wannan tsaruwar ce ta dame ni. A ƙungiyar likitoci ko ta injiniyoyi, ɗan takarar da ya iya tsara magana yana da wata baiwa da ta bambanta shi da abokan karawarsa, amma a tamu ƙungiyar tsara magana ita ce abin da kowa yake cin abinci da shi. Saboda haka kyakkyawar takarda ba ta sanar da mai zaɓe komai face cewa mai ita ya iya aikinsa, alhali kuwa da bai iya ba, da tun farko bai kai ga tsayawa takara ba. Zaɓe a tsakanin masu gyara sunan wasu yana bukatar tantancewa mai tsauri fiye da na kowace sana'a, domin duk wanda ya tsaya ya san inda zai haska da inda zai bari cikin duhu.

Abin da aka bari cikin duhu a dukkan takardun shi ne sunayen waɗanda 'yan takarar suke yi wa aiki. Ba a faɗa mana wane kamfani ne yake biyan wane ba, ko wace gwamnati, ko wace jam'iyya, ko wane attajiri da yake da shari'a a gaban kotu. Ranka ya daɗe, wannan shi ne bayanin da ya fi kowane muhimmanci ga mai zaɓe, domin majalisar da za mu zaɓa ita ce za ta yi magana da yawunmu idan rikici ya taso, ita ce za ta naɗa kwamitin ladabtarwa, kuma ita ce za ta yanke shawarar ko ƙungiya za ta fito ta yi tir da wani aika-aika ko za ta yi gum. Mutumin da rabin kuɗin shigar kamfaninsa yake fitowa daga aljihu ɗaya ba zai zauna a kujerar nan ya manta da mai aljihun ba, ko da kuwa shi mutumin kirki ne.

Tarihin sana'ar ya riga ya koya mana wannan tun daga kan waɗanda suka kafa ta. Ivy Lee, wanda ya aika wa editocin jaridun Amurka sanarwar ƙa'idojinsa a 1906 yana mai cewa aikinsa a fili yake yin sa ba a ɓoye ba, shi ne kuma a 1934 ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar yana amsa tambayoyi a kan aikin da ya yi wa kamfanin I.G. Farben na Jamus a zamanin mulkin Hitila. Binciken wannan kwamiti yana cikin abubuwan da suka haifar da dokar 1938 wadda ta tilasta wa masu yi wa ƙasashen waje aikin farfaganda a Amurka su yi rajista, su bayyana wanda yake biyansu. Idan har mutumin da ake koyar da sunansa a darasin farko na wannan fanni bai tsira daga tambayar wanda yake yi wa aiki ba, ban ga dalilin da zai sa a ɗauke wa 'yan takararmu ita ba.

Abu na biyu da ba su taɓo ba yana da alaƙa da na farko, wato matsayinsu a kan hukunta mamban da ya karya ƙa'ida. Rubuta ƙa'idoji ba ya wahalar da kowa. Ƙungiyar hulɗa da jama'a ta ƙasa da ƙasa, IPRA, ta amince da ƙa'idojinta a birnin Benis tun 1961, ta ƙara da na Atina a 1965, kuma kusan kowace ƙungiya a duniya tana da irin nata a rubuce. Inda ake rabuwa shi ne ranar da mai laifin ya kasance babban mamba mai biyan kuɗi da yawa. A watan Satumbar 2017, PRCA, ƙungiyar masu sana'ar hulɗa da jama'a ta Birtaniya, ta kori kamfanin Bell Pottinger, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin wannan sana'a a Landan, ta kuma hana shi komawa cikinta har tsawon shekara 5 aƙalla, bayan jam'iyyar DA ta Afirka ta Kudu, wadda take adawa a lokacin, ta kai ƙara a kan aikin da ya yi wa kamfanin Oakbay na iyalan Gupta, wasu attajiran 'yan kasuwa a can, aikin da aka samu yana iya rura wutar gaba tsakanin launin fata a ƙasar. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya durƙushe, domin waɗanda yake yi wa aiki sun watse. Ita kuwa takwararta ta Amurka, PRSA, wata hanya ta bi: a shekarar 2000 ta sake fasalin ƙa'idojinta, ta janye daga binciken mambobi da hukunta su, ta mayar da hankali ga wayar da kai, sai dai ta riƙe ikon korar wanda kotu ko wata hukumar gwamnati ta riga ta samu da laifi. Kowace hanya tana da masu kare ta, kuma waɗanda suka bi ta biyun suna da hujjar tsadar shari'a da wahalar samun shaida. Ni dai ta farkon nake goyon baya, domin ƙungiyar da ba ta iya cire mutum daga cikinta ba ta da abin da za ta nuna wa jama'a idan suka tambaye ta amfanin katin shaidarta. Amma ko da ra'ayina bai yi rinjaye ba, haƙƙin mai zaɓe ne ya san wace hanya kowane ɗan takara zai bi da mu kafin ya ba shi ƙuri'arsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce akwai yarjejeniyar sirri tsakanin mai kamfani da wanda ya ba shi aiki, kuma fitar da sunaye zai ba abokan gasa damar yi masa kutse. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wanda yake aiki a cikin ma'aikata ko kamfani ɗaya, ko yake kakakin wani mai riƙe da muƙami, an riga an san ubangidansa, abin da ya rage kawai ya faɗi yadda zai yi idan maslahar ubangidan ta yi karo da ta ƙungiya. Masu kamfanonin ba da shawara kuwa ana iya neman su bayyana wa dukkan mambobi duk wata gwamnati, jam'iyya ko ɗan siyasa da suka yi wa aiki a 'yan shekarun nan, sauran sunayen kuma su miƙa su ga kwamitinka a rufe, tare da alƙawari a rubuce cewa za su fita daga zauren duk ranar da ake tattauna batun da ya shafi ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ce ko wannan ba zai iya ba, yana da 'yancin ci gaba da sana'arsa cikin mutunci, amma bai kamata ya nemi kujerar da za ta ba shi ikon yanke wa wasu hukunci ba. Mu ne kullum muke shawartar shugabannin kamfanoni da su riga 'yan jarida fitar da gaskiya, yanzu kuma da abin ya zo kanmu sai ga shi wanzami ba ya son jarfa.

Akwai kuma batun muhawara. Ina roƙon a shirya zama guda da 'yan takarar za su amsa tambayoyin mambobi kai tsaye, ba tare da an aika musu da su tun kafin ranar ba, domin ƙwararre a wannan fanni idan aka ba shi kwana biyu zai mayar da kowace tambaya talla. A tambaye su ko sun taɓa biyan ɗan jarida domin ya buga labari kamar nasa ne, da abin da za su yi wa mamban da aka kama yana ɗaukar hayar masu asusun bogi a Facebook ko X domin su yi wa wani taron dangi. A tambaye su kuma ko za su goyi bayan a riƙa buga sakamakon kowace ƙara da kwamitin ladabtarwa ya saurara. Amsar da mutum zai bayar a tsaye, ba takarda a hannunsa, ta fi shafi goma na tarihin rayuwa amfani ga mai zaɓe.

Game da waɗanda suke kan kujera kuma suke neman komawa, ya kamata a dakatar da saka hotunansu da jawabansu a mujallar ƙungiya da shafukanta har sai an gama zaɓe, ko kuma a ba kowane ɗan takara fili daidai da nasu. Haka nan rajistar mambobi, ko dai a ba kowa damar aika saƙo ta hannun sakatariya, ko a hana kowa. Su ma a neme su da adadin zaman majalisa da suka halarta a wa'adin da ya ƙare, tunda sakatariya tana da wannan lissafi a rubuce.

Ranka ya daɗe, ban tuhumi ko ɗaya daga cikin 'yan takarar da wani laifi ba, kuma akwai waɗanda nake girmamawa ƙwarai a cikinsu. Buƙatata ga kwamitinka ita ce ya aika wa kowannensu takardar bayyana waɗanda yake yi wa aiki da tambaya a kan matsayinsa game da ladabtarwa, ya ba su wa'adi ɗaya, sannan ya buga amsoshin kamar yadda suka zo, a gefen tarihin da aka riga aka buga. Wanda bai amsa ba, a rubuta a gaban sunansa cewa bai amsa ba. Idan kundin tsarin ƙungiya bai ba kwamitinka ikon tilasta wannan ba, to a nema a matsayin roƙo a wannan zaɓe, a kuma gabatar da shi a babban taro mai zuwa domin ya zama sharaɗin tsayawa takara.

Na gode da lokacinka.

Naka,
Mamba mai kaɗa ƙuri'a